Yaro ɗaya, ma'aikatu uku: wa ke bin sawunsa bayan ya bar makaranta?

Malam Mai Alli:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Akwai maganar da ta kwana biyu tana cin raina, na ce bari in kawo ta nan a taya ni dubawa.

Shekarata 22 ina koyarwa a sakandare. Makon jiya na yi kiciɓis da wani tsohon ɗalibina, yaron da idan lissafi ya gagari aji shi ake turawa allo. Shekara huɗu ke nan da ya gama. Bai ci gaba da karatu ba, bai koyi sana'a ba, ba shi da aiki. Na ce masa me ake ciki, ya ce, "Malam, ina nan dai." Ya rame, ba ya iya haɗa ido da mutum. Da na matsa masa sai ya ce da dare barci ba ya zuwa, da rana kuma ba ya son fitowa, don ya gaji da tambayar "yanzu me kake yi?"

Tun ranar nake tambayar kaina: a duk faɗin gwamnati, wane ofishi ne ya san da zaman yaron nan? Ma'aikatar ilimi ta sallame shi ranar da ya ajiye alƙalami a jarrabawar ƙarshe. Ma'aikatar ƙwadago ba ta san shi ba, tunda bai taɓa samun aiki ba balle a ce ya rasa. Ma'aikatar lafiya kuwa sai ranar da aka kai shi asibiti ranga-ranga za ta buɗe masa kati. Yaro ɗaya an raba shi gida uku, kowane gida yana ganin ɗan maƙwabci ne.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a 2023 ɗaya cikin kowane matasa biyar 'yan shekara 15 zuwa 24 ba ya makaranta, ba ya aiki, ba ya koyon sana'a. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa. Ni dai ban yarda cewa alƙaluman nan biyu ba su san juna ba.

A ganina, duk manufar gwamnati kan matasa da ba ta faɗi wanda zai bi sawun yaro bayan ya bar makaranta ba, ba ta fara ba tukuna. Ku me kuka gani?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, amma zagaye kake yi. Ciwon yaron nan sunansa rashin aiki. A ba shi abin yi gobe da safe, ka dawo bayan wata guda ka ga ko barci bai dawo ba. Gwamnati ta samar da lantarki da hanyoyi, ta sassauta wa masu kafa masana'antu, aiki ya wadata, sauran za su warware da kansu. Kuɗin da za a kashe wajen ɗaukar masu ba da shawara, gara a zuba shi inda zai haifi aiki. Wanda aljihunsa ya bushe ba nasiha yake nema ba.

Anti Nas:
Injiniya, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ba zan raina ta ba. Shekarata 14 ina jinya a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. Rashin aiki yana jawo ciwon damuwa, wannan babu musu. Amma ciwon damuwa ma yana hana mutum riƙe aiki. Na ga waɗanda dangi suka sha wahala suka nema musu aiki, suka yi mako biyu suka daina zuwa, aka ce lalaci ne. Wallahi ba lalaci ba ne. Mutumin da tashi daga shimfiɗa ya zame masa kamar ɗaga dutse, ba takardar ɗaukar aiki ce kaɗai za ta tashe shi ba.

Kuma da talauci ne kawai sanadi, da Japan ba ta san wannan matsalar ba. Binciken gwamnatinsu da ya fito a 2023 ya ƙiyasta mutum kusan miliyan 1.46, 'yan shekara 15 zuwa 64, da suka kulle kansu a gida suka yanke hulɗa da jama'a. A Koriya ta Kudu, inda kusan kowane yaro ke gama sakandare, kashe kai shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe matasa.

Bari in ba ka labarin wani gwaji da aka yi a Monrobiya, babban birnin Laberiya, da samari 999. Yawancinsu masu zaman titi ne, masu ƙananan sace-sace da sayar da ƙwaya, wasu ma tsoffin mayaƙa. Aka raba su kashi huɗu ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka ba su dala 200. Wasu aka sa su zaman horon gyaran tunani da ɗabi'a na mako takwas. Wasu aka haɗa musu biyun, wasu ba a ba su komai ba. Waɗanda aka ba kuɗi zalla, kafin shekara ta zagayo sun koma gidan jiya. Waɗanda aka haɗa wa biyun kuwa, da aka sake neman su bayan shekara goma, an tarar aikata laifi da tashin hankali a cikinsu ya ragu da kusan rabi.

Injiniya:
To Anti, laifi ya ragu, na ji. Samunsu fa, ya ƙaru?

Anti Nas:
A'a, ba zan ɓoye maka ba. Da aka duba bayan shekara ɗaya, abin da suke samu bai fi na sauran ba. Shi ya sa na ce rabin maganarka gaskiya ce. Zaman shawara ba ya kafa masana'anta. Abin da nake ƙi shi ne a ce a jira sai tattalin arziki ya gyaru sannan a waiwayi lafiyar tunani. Yaron Malam ba zai iya jiran shekara goma ba.

Dattijo:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Ni abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda komai yanzu ake miƙa wa gwamnati. Yaro yana da uba, yana da uwa, yana da kawu da baffa. In ya shiga ƙunci, su ne farkon waɗanda ya kamata su gani. Yau an ce gwamnati ta bi sawunsa, gobe sai a ce ta shigo gida ta ji abin da uba ya faɗa wa ɗansa. Sannan wannan damuwa da ake ta faɗa, mu da muka taso mun ga wahalar da ta fi wannan, amma ba mu san ta ba. Mutum ya riƙe Allah, ya yi haƙuri. Ina ganin raunin imani ya taka rawa a nan.

Ustaz:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka kan iyali daidai ce, babu ofishin da zai maye gurbin uwa. Amma batun raunin imani, ina roƙon mu sassauta harshe. Mai hawan jini ba a ce masa imaninsa ne ya yi rauni, ana ce masa ya yi addu'a ya kuma sha magani. Ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce a jiki, tana ciwo kamar yadda ƙoda ke ciwo. Na san masu tsayuwar dare, masu riƙo da addini fiye da ni, da wannan ciwo ya kwantar. Ranar da muka ce wa yaro damuwarsa alamar nisa da Allah ce, mun ɗora masa kaya biyu: ga ciwo, ga jin cewa shi mai laifi ne. Daga nan sai ya yi shiru, kuma shirun ne ke kashewa.

Kuma Baba, a zamaninku ma akwai ta. Suna ne ba a ba ta ba. Ana cewa wane ya zama shiru-shiru, ko wance ta cika tunani.

Dattijo:
Na ji, Ustaz. A kan wannan na janye. Amma batun shigar gwamnati cikin gida ina nan a kan bakana.

Mai Digiri Biyu:
Iyayena da yayyena, ku ba mu dama mu da abin ya shafa mu yi magana. Shekarata 27. Na yi digiri na farko, aiki bai samu ba, aka ce in ƙaro karatu, na ƙaro. Yanzu duk inda na kai takardu sai a ce ana neman mai gogewar shekara uku. Ina zan samo gogewar in ba wanda zai fara ɗaukata?

Sau biyu ina shiga shirin gwamnati na koyar da matasa sana'a. Mako biyu ana koya mana a ɗaki, aka ɗauki hoto, aka ba mu takardar shaida, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa kira ya ce, wane, bayan wata shida me ka yi da abin da aka koya maka? A rahotonsu na tabbata ina cikin "matasan da aka tallafa wa". Sau biyu ma aka ƙirga ni. Abin da ake aunawa shi ne mutum nawa suka shiga, ba mutum nawa suka tsaya da ƙafarsu ba.

Ku dubi Jamus. Yaro yana ƙulla yarjejeniya da kamfani, ya yi kwana uku ko huɗu a mako a wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu a makarantar sana'a, tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, kuma ana biyansa alawus duk wata. Sana'o'i sama da 300 ne gwamnati ta amince da su a wannan tsari. Ranar da ya gama, takarda da gogewa tare suke zuwa hannunsa.

Injiniya:
Ƙanina, na tausaya maka, kuma maganar ƙirga kai sau biyu ta taɓa ni. Amma tsarin Jamus ba riga ba ce da za a cire a sa wa wani. Kamfanoni ne ke ɗaukar nauyin mafi yawan horon, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a su ke shirya jarrabawa, kuma abin ya yi shekaru aru-aru yana ginuwa. Ƙasar da mafi yawan masu aikinta ke ƙananan sana'o'in da ba su da rajista, wane kamfani za ta tura yaran? Ka ga mun dawo kan maganata: sai da masana'anta.

Mai Digiri Biyu:
Yaya, ai masu ƙananan sana'o'in su ma suna koyar da yara, a ko'ina a duniya haka ake. Abin da ya rage shi ne gwamnati ta san da su: ta gwada yaron, ta ba shi shaidar da za a karɓa a wani gari, ta ƙara masa karatu da lissafi a gefe, ta tabbatar ba bautar da shi ake yi ba. Wannan bai kai kuɗin gina jami'a ɗaya ba.

Hajiya Mai Kamfani:
Ni daga ɗaya ɓangaren teburin nake, ina ɗaukar ma'aikata. Ɗana mai digiri, kada ka ji haushina. Ina karɓar takardun masu digiri da ba sa iya rubuta wasiƙa mai sakin layi uku ba tare da na gyara ba. Ban ɗora musu laifi ba, tun daga tushe aka cuce su. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin samu ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Yaro yana aji huɗu bai iya karatu ba, a tura shi aji biyar, a tura shi sakandare, kullum yana zaune ana magana a kansa kamar ruwan sama a kan dutse. Ku da kuke maganar lafiyar tunani, ku auna abin da shekara takwas na jin cewa kai daƙiƙi ne za ta yi wa zuciyar yaro. Ni a wurina, koya wa yaro karatu kafin ya kai shekara goma shi ne maganin damuwa na farko.

Malam Mai Alli:
Hajiya, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Gwamnatoci suna son abin da ake gani a hoto: gini, yanke kirtani, yawan waɗanda aka yi wa rajista. Gana ta mayar da babbar sakandare kyauta a watan Satumba na 2017, yara suka yi tururuwa, abin a yaba. Amma shekara ɗaya bayan nan, a 2018, dole aka raba ɗalibai rukuni biyu suna zuwa bi da bi, saboda azuzuwa ba su isa ba. Buɗe ƙofa abu ne mai kyau, sai dai a tanadi abin da yaro zai tarar a ciki.

A taron ilimi na duniya da aka yi a birnin Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 ƙasashe sun amince su riƙa ware wa ilimi kashi 4 zuwa 6 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa, ko kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa. Da yawa har yau ba su kai ba. Amma ko an kai, tambayata tana nan: yaron da ya fita daga ƙofar makaranta, a hannun wa yake?

Lauya:
Malam, abin da kake nema akwai inda aka rubuta shi a doka. Tun 1994 Norwe ta ɗora wa hukumomin yankunanta alhakin bin sawun duk matashin da ya cancanci shiga babbar sakandare amma ba ya makaranta kuma ba ya aiki. Ba jira suke ya zo ba, su ke nemansa, su haɗa shi da makaranta ko wurin aiki ko likita, gwargwadon abin da ya tare masa hanya. Tarayyar Turai kuma a 2013 ta yi wa matasa 'yan ƙasa da shekara 25 alkawarin cewa cikin wata huɗu da barin makaranta ko rasa aiki za a yi musu tayin aiki, ko ƙarin karatu, ko koyon sana'a. A 2020 aka faɗaɗa shi zuwa 'yan ƙasa da 30.

Sai dai kada mu ruɗu da takarda. A 2017 masu binciken kuɗi na Tarayyar suka duba ƙasashe bakwai, suka tarar babu ko ɗaya da ta cika alkawarin ga dukkan matasanta. Waɗanda aka fi kasa kaiwa gare su su ne irin ɗalibinka, waɗanda ba sa zuwa su yi rajista a ko'ina.

Baba Dattijo, damuwarka tana da tushe, kuma doka ce maganinta. A rubuta cewa tayi ne ba tilas ba, matashi yana da ikon cewa a'a, kuma abin da ya faɗa wa mai ba shi shawara sirri ne, sai fa in rai na cikin haɗari.

Maman Biyu:
Wannan batun sirri shi ne ya sa na kasa yin shiru. 'Yata tana ajin ƙarshe ta fara rashin barci, gabanta na faɗuwa, ranar jarrabawa hannunta na rawa har ta kasa riƙe biro. Makarantarsu tana da "mai ba da shawara", amma malamin da ke koya musu darasi ne, shi ne kuma mai hukunta masu makara. Ta daure ta je ta faɗa masa. Kafin mako ya ƙare maganar ta zaga ɗakin malamai, wata malama ta kira ta "mai aljanu" a gaban aji. Daga ranar ta rufe bakinta, ni kaina sai da na yi wata uku ina lallashi kafin ta sake buɗe mini cikinta. Alhamdu lillahi ta samu sauƙi bayan mun ga likita. Amma duk wanda ya ce mini a sa mai ba da shawara a kowace makaranta, sai na tambaye shi: wane iri?

Anti Nas:
Allah sarki, Maman Biyu. Allah ya ƙara mata lafiya. Abin da ya same ta an ma gwada shi a bincike. A gundumar Nalanda ta jihar Bihar a Indiya, an yi gwaji a makarantu sama da 70, sakamakon ya fito a 2018. Shiri iri ɗaya ne na gyara zaman makaranta: rage cin zali, akwatin koke, ƙungiyar ɗalibai, da wanda za a je a yi wa magana. A wasu makarantu aka ba malami ya gudanar, a wasu aka kawo wani daga waje, ba likita ba, mutum ne kawai da aka horar, wannan ne aikinsa. Inda na waje ya riƙe, cin zali da alamun damuwa sun ragu sosai. Inda aka ɗora wa malami, ba a ga canji ba. Ba don malamai ba su da tausayi ba. Kaya ne ya yi musu yawa, kuma yaro ba ya kai kukansa ga mai riƙe da makinsa.

Haka a Birtaniya aka gwada koyar da darasin natsuwa da tattara hankali ga ɗalibai sama da 8,000, sakamakon ya fito a 2022, bai fi abin da makarantun suka saba yi ba. Don haka ba duk abin da aka liƙa wa sunan lafiyar ƙwaƙwalwa ne ke aiki ba.

Kan batun kuɗi da Injiniya ya kawo: abin da gwamnatoci ke ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa, a tsaka-tsaki, kusan kashi 2 ne cikin 100 na kasafin lafiya, kuma a ƙasashe matalauta mafi yawansa manyan asibitocin masu taɓin hankali ke cinyewa. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa kusan rabin waɗannan larurori suna farawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14. Ana ajiye kuɗin a ƙarshen hanya, ciwon yana farawa a farkonta. Kuma ba sai an jira likitoci sun wadata ba. A Harare ta Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, kakanni, suna zama a benci a harabar asibitin unguwa, mutum ya zo su zauna sau shida suna warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Dattijo:
To wannan na kakanni ya kwanta mini. In haka ne shigar gwamnatin, a horar da namu a bar su a cikinmu, ba ni da ja.

Baban Yara:
Duk kun manta da waya. Ostareliya ta yi doka a ƙarshen 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a kafafen sada zumunta. A yi haka ko'ina a huta.

Mai Digiri Biyu:
Baba, waya tana da nata laifin, musamman hana barci da gwada kai da wasu. Amma ɗalibin Malam ya wuce 16 da daɗewa. In ka karɓe wayarsa ba ka ba shi inda zai je da safe ba, ka bar shi da bango huɗu ne kawai.

'Yar Aji Shida:
Ina neman afuwa, ni ƙarama ce a nan. Tun ɗazu ana cewa "yaro", "shi", "samari". Amma a rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Malam ya ɗauko alƙalumansa, biyu cikin kowane uku na matasan da ba sa karatu ba sa aiki mata ne. Namiji in ya zauna ana ganinsa a bakin titi, ana tsoron kada ya lalace, sai a yi masa shiri. Mace tana cikin gida tana aiki daga safe zuwa dare, ba mai cewa ba ta da aikin yi, ba mai tambayar me take so ta zama. Ƙawayena uku da suka fi ni ƙoƙari sun bar makaranta, ba wanda ya zo daga ko'ina ya tambaya.

Na karanta cewa Bangladesh tun 1994 take ba 'yan matan karkara tallafi don su zauna a sakandare, kuma Saliyo a 2020 ta janye dokar da ta hana masu juna biyu zuwa makaranta. In za a bi sawu, a fara da wadda ba a gani.

Malam Mai Alli:
'Yata, kin gyara mini, kuma na karɓa. Ni kaina da na rufe ido ina tuna waɗanda suka ɓace mini, maza na fara lissafawa. Allah ya yi miki albarka.

Lauya:
Abu ɗaya da ba ya cin ko sisi: a daina ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifin da ake gurfanar da mutum a kotu. Indiya ta sassauta a dokarta ta 2017, Singafo ta soke a 2020, Pakistan a 2022, Gana da Malesiya a 2023. Wannan ba halatta abin ba ne. Dalilin shi ne, inda laifi ne, iyali suna ɓoye yaro maimakon su kai shi asibiti. Najeriya kuwa ta sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958. Amma kowace doka, in ba a bi ta da kasafi da ma'aikata ba, tana nan a kan takarda.

Mai Digiri Biyu, ka taɓa tambayata kan bashin da ake ba ɗalibai don su yi karatu: bambancin da ke tsakanin ƙasashe yana wurin yadda ake biya. Ostareliya tun 1989 ba ta karɓar komai sai samun mutum ya kai wani mataki, sannan a riƙa cira ta hanyar haraji. Amurka kuwa bashin ɗalibai ya haura dala tiriliyan 1.6. Bashin da ke bin wanda bai samu aiki ba, shi kansa ciwo ne.

Ɗan Shiru:
Ban taɓa rubutu a nan ba. Na karanta tun daga farko. Labarin da Malam ya bayar kamar ni ake nufi, sai dai ni shekara uku. A gida ana ganin girman kai ne ya hana ni fita. Ba girman kai ba ne. Ban san yadda zan faɗa musu ba.

Anti Nas:
Ƙanina, na gode da ka yi magana, na san ba da sauƙi ka rubuta ba. Abin da kake ji yana da suna, kuma ana samun sauƙinsa. Na turo maka saƙo ta gefe, ka duba. Ka je asibiti mafi kusa ka faɗa wa ma'aikacin lafiya yadda barcinka da cin abincinka da tunaninka suke, kamar yadda za ka faɗi zazzaɓi. In kuma tunanin cutar da kanka yana zuwa maka, kada ka kwana da shi, ka faɗa wa wani da ka yarda da shi yau ɗin nan.

Dattijo:
Ɗana, ka yafe mini maganar da na yi a sama. In kana so a samu babba ya yi wa mahaifinka bayani, ni zan kira shi. Tsoho ya fi jin maganar tsoho.

Injiniya:
Har yanzu ina kan ra'ayina cewa in kasafi ya yi ƙaranci, abin da ke haifar da aiki ne farko. Amma Ɗan Shiru, in ka ji ƙarfin jikinka, ka yi mini magana. Ba alkawarin aiki nake yi ba. Akwai wurin da za ka riƙa zuwa kwana uku a mako ka ga yadda ake yi, ba wanda zai tambaye ka gogewa.

Malam Mai Alli:
Jiya da yamma na je gidan su ɗalibin nawa. Mahaifinsa ya ce sun ɗauka raina ƙananan ayyuka yake yi, shi ya sa suka daina yi masa magana, kusan shekara guda ke nan. Mun daɗe muna tattaunawa. Ya amince yayansa ya raka shi asibiti ranar Alhamis.

Da na dawo na ɗauko tsohuwar rajistar ajinsu. Su 54 ne. Na bi suna bayan suna, waɗanda na san inda suke 19 ne kawai, kuma a cikin 'yan mata 23 huɗu kaɗai na iya faɗin abin da suke yi. Ranar Litinin zan kai wa shugaban makarantarmu takardar, in roƙe shi a ba mu izini mu fara kiran waɗanda suka fita bara, tun lambobin iyayensu ba su canza ba. Lauya, in kana da lokaci ka rubuto mini yadda za a tsara batun sirrin, don kada mu je gyara mu ɓata.